Na kama ɗalibi da satar amsa, yanzu ga saƙon barazana ga takardar lauya

Malamin_Aji_Uku:
Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikata. Shawara nake nema, kuma don Allah kada a tambaye ni sunan jami'a. Makon jiya ina cikin masu sa ido a jarrabawar 'yan aji uku, na kama wani yaro da waya a cinyarsa, ya ɗauki hoton littafinsa shafi-shafi yana kwafa. Na karɓe wayar, na ba shi fam ɗin satar amsa ya cike, ya ƙi sa hannu. Na ba shi sabuwar takarda ya ci gaba, kamar yadda ƙa'idarmu ta ce. Bayan kwana biyu saƙo ya shigo min daga lambar da ban sani ba, wai sun san unguwarmu, sun san makarantar da 'ya'yana suke zuwa, in yi wa kaina faɗa. Jiya kuma masinja ya kawo min takardar lauya, da sunana aka rubuto ba da sunan jami'a ba. Wai na ƙwace wayar yaro ba bisa doka ba, na ci masa mutunci a bainar jama'a, in mayar da waya in ba da haƙuri cikin kwana bakwai ko mu haɗu a kotu. Shugaban sashenmu ya ce in bari a kashe maganar a cikin gida, uban yaron babba ne. Maiɗakina ta ce in tafi caji ofis. Ni dai tun shekaranjiya ban runtsa ba. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, yaya ya yi?

Ummu_Haidar:
Wa alaikumus salam. Subhanallahi, har da yara a ciki? Allah ya tsare, Malam.

Tsohon_Akawu:
Malam, kafin kowa ya ce komai: ina wayar take yanzu?

Malamin_Aji_Uku:
Tana cikin durowar ofishina, na kulle. Na so in miƙa ta ranar, jami'in jarrabawa na sashe ya riga ya tashi, washegari kuma aiki ya sha kaina.

Tsohon_Akawu:
To nan ne kurarka ta yi kuka, ba a saƙon ba. Shekara 31 na yi a ofishin magatakarda kafin in ajiye aiki, kuma yawancin malaman da na ga an kayar ba rashin gaskiya ya kayar da su ba, sakaci da takarda ne. Wayar nan ba taka ba ce, ba kuma ta yaron ba ce a yanzu, shaida ce ta jami'a. Duk daren da ta ƙara kwana a durowarka ƙofa ce ka buɗe musu. Gobe za su ce ka buɗe ta ka ga hotunan iyalinsa, ko su ce kai ka zuba hotunan littafin a ciki, ko su ce akwai kuɗi a asusunsa sun ɓace. Da sassafe ka rubuta takarda zuwa ga shugaban tsangaya ta hannun shugaban sashe, ka faɗi rana da lokaci da lambar zaure da sunayen waɗanda kuka yi sa ido tare, da irin wayar da launinta, ka sa ta a ambulan ka manne a gaban shaida. Kwafi biyu za ka yi. Ɗaya a buga maka hatimin an karɓa, da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa, ka tafi da shi gida. Na ce gida, ban ce ofis ba. Fayil yana da ƙafa a jami'a, musamman idan sunan ɗan babban mutum ne a bangonsa.

Dan_Kwatas:
Baba Akawu ya gama magana. Fayil yana da ƙafa, wani lokacin har da fukafukai.

Barista_Mai_Alli:
Ina koyarwa a tsangayar shari'a, amma abin da zan faɗa bayani ne na gama-gari, bai ɗauke maka zama da lauya ya ga takardun da idonsa ba.

Takardar lauya ba sammaci ba ce. Wasiƙa ce kawai, kuma kwana bakwan nan shi ya yanka wa kansa, ba alƙali ba. Kada ka amsa ta da hannunka, kada ka kira lambar da ke jikinta, kada kuma ka ba da haƙuri ko da a baki ne, domin haƙurin nan shi za a ɗauko gobe a ce ka amsa laifi. Ka haɗa ta da takardar da Baba Akawu ya ce ka rubuta, ka tura wa magatakarda, ka nemi a miƙa wa sashen shari'a na jami'a. Aikin jami'a kake yi lokacin da ka karɓi wayar, jadawalin sa ido da sunanka a ciki shi ne hujjarka, saboda haka jami'a ce ya kamata ta amsa. Dalilin da ya sa suka rubuto da sunanka shi ne su ware ka kai kaɗai ka tsorata.

Maganar saƙon kuwa daban take. Wannan laifi ne, ba rigimar makaranta ba. Kundin Penal Code da muke amfani da shi a Arewa ya yi magana a kan tsoratarwa a sashe na 396 da 397, sannan Dokar Laifukan Intanet ta 2015, a sashe na 24, ta shafi barazanar da aka aika ta waya ko kwamfuta. Kwamitin ladabtarwa ba shi da hurumin binciken wanda ya ce ya san makarantar 'ya'yanka. Kada ka goge saƙon, kada ka amsa shi. Ka ɗauki hotonsa yadda lamba da lokaci za su fito, ka kuma adana wayar taka, don idan abin ya kai kotu sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana da sharuɗɗan da ake cikawa kafin a karɓi shaidar da ta fito daga na'ura.

Gaskiya_Daci:
Barista, duk wannan a littafi ne. Mu da muke ƙasa mun san yadda ake yi. Ya je caji ofis, a ce ya kawo kuɗin mai, ya kawo kuɗin bin diddigin lamba, uban yaro ya buga waya ɗaya, shi ke nan. Sashen shari'a kuma jami'a yake karewa ba malami ba. Ranar da suka ga sadaukar da shi ya fi sauƙi, wallahi za su yi. Malam, ka mayar musu da wayarsu, ka ce ba ka ga komai ba. Albashin nan da ba ya kai ashirin ga wata bai kai a taɓa maka ɗa a kansa ba.

Dr_Maman_Sadiq:
@Gaskiya_Daci wannan shawarar ita ce za ta kai shi ƙasa. An riga an cike fam, akwai waɗanda suka gani. Idan ya janye yanzu, shi ne zai koma wanda ake tuhuma da ɓoye shaida. Kuma yaran ajin duk sun gani, gobe kowa ya san lambar da ake bugawa a tsorata Malam.

Barista_Mai_Alli:
Dakta ta yi daidai. Dokar Satar Jarrabawa ta 1999 ta fi tsananta wa malami da mai sa ido a kan ɗalibi idan aka same su da hannu, ɗauri ne babu zaɓin tara. Ban ce kullum ana aiki da ita ba, amma tana nan. Sai dai a abu ɗaya na yarda da Gaskiya_Daci: lauyan jami'a, jami'a ce mai ba shi umarni. Matuƙar buƙatarku ɗaya, zai tsaya maka. Ranar da ta bambanta, kana buƙatar naka. Shi ya sa nake cewa ka sanar da shugaban ƙungiyarku na reshe tun yau, a rubuce.

Kwamared_Reshe:
Yawwa, an zo wurin. Mutane ba sa tuna ƙungiya sai wuta ta kama gemu. Ana cire maka kuɗin ƙungiya duk wata, wannan ranar ake tara wa. ASUU kake ko SSANU ko NASU ko NAAT, ka je ofishin reshe da kwafin komai. Idan aka kira ka gaban kwamiti, kada ka shiga kai kaɗai. Kuma duk wanda ya ce maka "a yi a baki kawai", ka ce masa to, in ka koma ofis ka aika masa ɗan saƙo: Yallaɓai, bisa maganar da muka yi ɗazu da ƙarfe kaza, ka ce kaza. Za ka ga yadda magana take canza kama idan ta ga alƙalami.

Dan_Kwatas:
Kwamared, ƙungiyar da ta kasa karɓo mana albashin wata takwas na yajin aikin 2022 gaba ɗaya ita ce za ta kare shi daga 'yan daba?

Kwamared_Reshe:
Ba zan biye maka ba yau. Ka tambayi malaman Ilorin 49 da aka kora a 2001 wa ya tsaya musu har Kotun Ƙoli ta mayar da su a 2009.

Dan_Kwatas:
Shekara takwas. Wasu ma sun rasu ba su ga hukuncin ba. Misalin naka ni ya taimaka wa.

Admin_Zaure:
Jama'a, a bar maganar yajin aiki, tana da nata zauren. Bawan Allah shawara ya nema.

Sajan_Mai_Ritaya:
Ni a sashen tsaro na wata jami'a nake, bayan na bar aikin ɗamara. Malam, kafin caji ofis ka fara zuwa wurin babban jami'in tsaro na makarantarku, a shigar da maganar a littafin rahoto, a ba ka lamba. In shi ya rubuta wa DPO ko ya haɗa ka da ɗaya daga cikin yaransa, karɓar da za a yi maka daban ce da in ka je kai kaɗai da hularka a hannu. Ka tafi da koke a rubuce, ka karɓi shaidar an karɓa. Layukan waya yanzu an haɗa su da lambar NIN, ba kamar da ba, duk da cewa masu wayo suna amfani da layin da aka yi wa rajista da sunan wani.

Abin da na gani a aiki: in an yi irin wannan saƙon, yawanci abokan yaron ne a ɗakin kwana suke jin kansu. Amma ba a gane na wasa da na gaske daga rubutu, saboda haka ka ɗauke shi na gaske. Ka canza lokacin fita da hanyar da kake bi na ɗan makonni. Ka je makarantar yara ka ga shugabar da kanka, ka ba da sunan mutum biyu kaɗai da za su iya ɗaukarsu, ko da wani ya zo ya ce kai ka aiko shi a kira ka. Mai gadin layinku da mai unguwa su sani. Ka daina zama ofis bayan magariba kana makin takardu, ka kwashe su ka kai gida ko ka bari sai safe. Lambar kiran gaggawa ta 112 kuma ka sa wa Hajiya a waya, tare da lambar ofishin tsaro.

Ummu_Haidar:
Ka kuma riƙe azkar na safe da yamma, kai da yaran. A ɗaure raƙumi, a yi tawakkali.

Injiniya_Lab:
Ni tambayata ga Barista. Idan yaron ya ƙi sa hannu a fam, ba shi ke nan shari'ar ta rushe ba? A wurinmu an taɓa sakin wani saboda haka.

Tsohon_Akawu:
Ƙin sa hannu ba ya rushe komai in an rubuta "ya ƙi sa hannu" kuma shaidu biyu sun sa nasu. Wanda aka saka a wurinku, ina kyautata zaton mai sa idon ne kaɗai ya sa hannu. Malam, wa ya sa hannu ban da kai?

Malamin_Aji_Uku:
Babban mai sa ido ya sa, da ma'aikacin tsaron da ke bakin ƙofa. Ɗalibar da ke kusa da shi ma ta gani, amma ban sa sunanta ba, na ji tsoron kada a dame ta.

Tsohon_Akawu:
Ka kyauta da ka bar yarinyar. Biyun nan sun isa.

Barista_Mai_Alli:
@Injiniya_Lab abin da ke rushe irin wannan shari'ar a kotu shi ne rashin sauraron wanda ake tuhuma, sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999. Duk ɗalibin shari'a ya san ƙarar Garba da Jami'ar Maiduguri. An yi tarzoma a 1983, aka kori ɗalibai, Kotun Ƙoli ta soke korar a 1986. Cikin dalilan akwai cewa mataimakin shugaban jami'a da ya jagoranci kwamitin bincike yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa, wato mai ƙara ya zama alƙali, sannan laifukan da aka jingina wa ɗaliban irin su ƙone-ƙone manyan laifuka ne da kotu ce take da hurumin yanke hukunci a kansu. Daga baya kotuna sun bar wa jami'o'i sarari su ladabtar da ɗalibansu bisa dokokinsu, amma sharaɗin sauraro bai taɓa faɗuwa ba.

Abin da wannan ke nufi gare ka, Malam: kai shaida ne. Kada ka yarda a sa ka cikin kwamitin da zai zauna a kan yaron, ko da a matakin sashe ne. Kada ka yi makin takardarsa, ka miƙa wa wani ta hannun shugaban sashe. Kada ka rubuta sunansa ko lambarsa a wani zauren WhatsApp, ko na malamai ne. Rahoton da ka kai ta hanyar ofis doka tana ba shi kariya, amma abin da ka watsa a waya zai iya zama ƙarar ɓata suna, kuma a nan jami'a ba za ta san ka ba.

Wannan kariyar ta sauraro kai ma taka ce, in abin ya juyo. Tun ƙarar Olaniyan da Jami'ar Legas a 1985 aka tabbatar cewa ma'aikacin da dokar kafa jami'a ta tsara yadda za a cire shi, ba a korarsa sai an bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Rigimar aiki kuma yanzu Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ake kai ta, tun gyaran tsarin mulki na 2010.

Malama_Zee:
Tunda an zo nan bari in faɗi nawa. Shekara uku da suka wuce aka ba ni takardar tuhuma, wai sakamakon wani kwas ya canza tsakanin sashe da majalisar malamai, awa 48 in amsa. Raina ya ɓaci, na zauna na rubuta shafi huɗu, rabi duk faɗa ne da tonon silili. Allah ya sa na nuna wa wani dattijo a sashenmu kafin in kai. Ya karanta ya ce, 'yata, tambaya ɗaya aka yi miki, kin amsa goma, tara daga ciki sabuwar tuhuma ce kika rubuta wa kanki. Muka mayar da ita layi takwas, na liƙa kwafin takardar maki ta asali mai sa hannuna da na mai duba jarrabawa na waje. Maganar ba ta sake tashi ba. Ashe a wurin shigarwa a kwamfuta aka taɓa. Tun daga ranar ba na ba kowa lambar sirrina ta shafin sakamako, ko ina kwance asibiti ne, kuma duk takardar makin da na sa wa hannu sai na ɗauki hotonta.

Abu_Fatima77:
Ku gode wa Allah namiji ne ya kama. Da mace ce da tuni an ce ya neme ta ta ƙi. Yanzu makamin da suke riƙe da shi ke nan, malami ba shi da bakin magana.

Dr_Maman_Sadiq:
Malam Abu Fatima, a yi adalci. Ƙazafi yana faruwa, na san wanda aka yi wa. Amma na zauna a kwamitin karɓar koke shekara huɗu, kuma abin da na fi gani shi ne yarinya ta zo tana kuka, ta ƙi rubutawa don tsoron kada a kayar da ita ko a ce ta zubar da mutuncin gidansu. Waɗanda suka yi shiru sun ninka waɗanda suka yi ƙarya. Farfesan nan na jami'ar Ile-Ife da hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta gurfanar kan neman ɗalibarsa don ya ba ta maki, aka ɗaure shi shekara biyu a 2018, ai muryarsa aka ji, ba sharri aka yi masa ba. Mai tsoron ƙazafi maganinsa a hannunsa yake: ƙofar ofis a buɗe, ganin ɗalibai a lokacin aiki, duba kundin bincike ba a gida ba ba a mota ba, saƙo kuma ta wakilin aji. Wanda ya riƙe wannan da wuya a ɗaura masa abin da bai yi ba.

Abu_Fatima77:
Ban musa ba Hajiya. Ni ma ƙofata har dutse nake sa mata.

Dan_Borno:
Ina karanta ku ina tuna abin da muka gani. Mu a nan maganar tsaro ta wuce saƙon waya. Janairun 2017 bam ya tashi a masallacin kwatas na Jami'ar Maiduguri da asuba, Farfesa Aliyu Mani na cikin waɗanda suka rasu. A watan Yulin shekarar aka yi wa tawagar masu binciken man fetur kwanton ɓauna a wajen Magumeri, da ma'aikatan jami'a a ciki. Kano ma ba ta manta da harin tsohuwar harabar Bayero na Afrilun 2012 ba. Sannan aka koma ɗauke mutane: ɗaliban kwalejin Afaka da na Jami'ar Greenfield a Kaduna a 2021, kwatas ɗin Jami'ar Abuja da ke Giri a Nuwamban shekarar inda aka tafi da mutum shida, ɗaliban Gusau da na Dutsin-Ma a 2023. Abin da ya sa na kawo wannan, duk wanda za a tura aikin fili, ko kai ɗalibai yawon nazari, ko duba masu koyon aiki a wani gari, kada ya taka ko'ina sai da takardar izini mai sa hannu. In wani abu ya faru a hanya, tambayar farko da ofis zai yi ita ce wa ya aike shi. Na ga iyalin da suka sha wahala a kan wannan tambayar.

Tsohon_Akawu:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ɗan Borno ya taɓo abin da ke ci min rai. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, ga kuma Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ga wanda ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki. Da yawa ba su san da su ba, balle matansu. Ku je ku duba fayil ɗinku. Za ka ga mutum da mata biyu da 'ya'ya tara, amma magajin da ya rubuta tun ranar ɗaukar aiki mahaifinsa ne da ya rasu shekara goma sha biyar.

Injiniya_Lab:
Wallahi ni ne wannan. Gobe zan je.

Gaskiya_Daci:
Kun ga ni? Daga shawara mun koma rabon gado. Abin da nake faɗa ke nan. Malam, ka yi tunanin yaranka.

Sajan_Mai_Ritaya:
Tunanin yaran ne ya sa muke cewa ya kai rahoto. Mai barazana ya fi son wanda bai gaya wa kowa ba. Ranar da yaron ya ji an kira shi ofishin tsaro an tambaye shi lambar nan ta waye, ya kuma san an rubuta cewa duk abin da ya sami Malam shi za a fara nema, lissafi zai canza. Uban ma, in babban ne da gaske, ba zai so sunansa ya fito a takardar 'yan sanda a kan barazana ga yara ba. Ina ma zaton bai san da saƙon ba, lauya kawai ya sani.

Hajiya_Bursary:
Ni shugaban sashen ne ya tsaya min a rai. Kada a yi saurin zaginsa, wataƙila shi ma an matsa masa daga sama, ko yana ganin sulhu zai fi kare Malam. Kada ka tsallake shi, ka bi ta hannunsa kamar yadda Baba Akawu ya ce, amma ka aika kwafin gaba kai tsaye zuwa ofishin shugaban tsangaya da na magatakarda. Haka ake yi, ba rashin kunya ba ne. Ba zai iya zaunewa a kan takardar da ya san kwafinta ya riga shi isa ba. Sulhu kuma in za a yi, a yi shi a kan takardar lauya da saƙon, su janye su ba da haƙuri. Satar amsar ba taka ba ce balle ka yafe.

Barista_Mai_Alli:
Ƙari kaɗan, tunda za ka caji ofis. Yakan faru wanda ka kai ƙara shi ma ya kai taka, a ce ka zo ka yi bayani a kan waya. In haka ta faru kada ka je kai kaɗai, kuma kana da 'yancin ka ce ba za ka rubuta jawabi ba sai lauyanka na wurin, sashe na 35 na tsarin mulki ya ba ka wannan. Ka karanta duk abin da za ka sa wa hannu. Takardar shaidar miƙa wayar nan ita ce za ta fitar da kai cikin minti biyar, shi ya sa Baba ya fara da ita.

Malamin_Aji_Uku:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga inda aka kwana. Da safe na miƙa wayar, jami'in jarrabawa da sakatariyar sashe suka sa hannu, kwafina yana gida cikin akwatin Hajiya. Shugaban sashe bai ji daɗi ba, ya ce na yi gaggawa, amma ya sa hannu ya tura. Babban jami'in tsaro ya karɓe ni da kyau, ya haɗa ni da mutum ɗaya muka je caji ofis, an shigar da koke. Shugaban reshe ya ce in kawo masa kwafi gobe. Yaran kuma ƙanina ne zai riƙa kai su yana ɗauko su.

Sai dai wani sabon abu. Ɗazu bayan la'asar wani dattijo da muke sallah tare a masallacin unguwa ya same ni, ya ce uban yaron ya roƙe shi ya kawo shi gidana gobe da daddare, a gaisa a fahimci juna. Dattijon nan shi ya yi min waliyyi lokacin aurena. Ban san yadda zan ce masa a'a ba.

Gaskiya_Daci:
Ka karɓe su mana. Baƙonka annabinka. Wataƙila a nan wutar za ta mutu.

Tsohon_Akawu:
Kada ya taka maka gida, kuma kada ya zo da ko goro. Ka je ka sami dattijon da kanka tun yau bayan isha, ka durƙusa ka gaya masa magana ta bar hannunka, tana ofis, kuma an hana ka ganawa da kowa a kanta. Ba ƙarya ka yi ba.

Malama_Zee:
Amma Baba, in ya ƙi su gaba ɗaya ba zai zama kamar ya wulaƙanta waliyyinsa ba? A unguwa zai ci gaba da zama fa, ba a ofishin magatakarda ba. Ni da zai ce su haɗu a ofishin shugaban tsangaya da rana, dattijon ma ya zo.

Sajan_Mai_Ritaya:
Ofis ɗin ya fi. Amma ni abin da nake so in sani, wa ya gaya wa uban yaron masallacin da kake sallah?

Barista_Mai_Alli:
Tambayar Sajan ka ƙara ta a cikin koken da ka kai. Maganar ganawa kuma ka tambayi sashen shari'a kafin ka amsa wa dattijon komai, tunda takardar lauyansu tana gabansu yanzu. Sun ba ka amsa kuwa?

Malamin_Aji_Uku:
Tukuna. An ce mai kula da fayil ɗin ya tafi ta'aziyya, sai Litinin.